Shugaba ya “naɗa” alƙali, ko sunansa kawai ya miƙa? Neman kalmar Hausa

1/
Jama'a, ina da ƙorafi kan yadda muke sa kalmar “naɗa” a labaran Kotun Ƙolin Amurka. Da zarar wani mai shari'a ya ce zai yi ritaya, shugaban ƙasa ya fito da wanda yake so ya gaje shi, sai mu rubuta “ya naɗa wane”. Bayan wata biyu ko uku mu dawo mu ce Majalisar Dattawa ta ƙi shi. Mai sauraro yana da gaskiya in ya tambaya: wanda aka riga aka naɗa, ta ina kuma za a ƙi shi? Tuɓe shi aka yi?

Kalmar Turancin da ke ba mu wahala ita ce nominate, wato matakin da shugaba ke kawo sunan wanda yake so, da 'yarta nominee, wato mai sunan. Su nake so mu nema wa Hausa.

2/
Tsarin mulkin Amurka ya raba aikin gida uku. Shugaba ya kawo suna. Sanatoci su duba, su ba da yarda ko su hana. In sun yarda, sannan shugaban ya sa hannu a takardar naɗi. Bayan nan a rantsar da mutum ya hau kujera. Mu kuwa mun tattara matakin farko da na ƙarshe mun cusa su cikin kalma ɗaya, alhali rigimar duk a tsakaninsu take.

Kuma “naɗi” kalma ce mai nauyi. Daga naɗa rawani ta fito, ranar da aka naɗa kuwa magana ta ƙare, sai gaisuwa. Bahaushe bai san naɗin da ake jiran wasu su zauna su ce ko ya yi ko bai yi ba.

3/
Ga inda kuskuren ke fitowa fili. Mai shari'a Antonin Scalia ya mutu a watan Fabrairun 2016. Ranar 16 ga Maris Barack Obama ya aika wa Majalisar Dattawa sunan Merrick Garland. Shugaban masu rinjaye, Mitch McConnell na jam'iyyar Republican, ya ce shekarar zaɓe ce, a bari jama'a su zaɓi sabon shugaba, shi ya cike gurbin. Sanatocin ba su kira Garland gaban kwamiti ba, ba su kaɗa masa ƙuri'a ba. Sunan ya yi kwana 293 a ajiye, har wa'adin majalisar ya ƙare ranar 3 ga Janairun 2017. Kujerar ta koma hannun Neil Gorsuch, wanda Donald Trump ya kawo.

Wanda ya karanta “Obama ya naɗa Garland” ya tsaya a nan, zai ɗauka mutumin ya taɓa zama a Kotun Ƙoli. Bai taɓa ba, ko na yini ɗaya.

4/
Wani ya tambaya me ya sa ake wannan tashin hankali kan kujera ɗaya. Kujerun tara ne kacal, tun 1869 haka adadin yake, kuma ba su da wa'adi. Mutum zai zauna har ya mutu ko ya sauka don kansa. Shugaba ba ya wuce shekara takwas, alƙalin da ya sa kuwa yana iya yin talatin. Ƙuri'a biyar cikin tara ke yanke hukunci kan zubar da ciki, mallakar bindiga, ikon shugaba, har da rikicin zaɓe kamar na shekarar 2000.

Shi ya sa ita kanta ritayar ta zama siyasa. Yawancin alƙalan suna duba wa ke Fadar White House da wa ke riƙe da majalisa kafin su sauka. Ruth Bader Ginsburg ta ƙi sauka a zamanin Obama duk da kiraye-kirayen da aka yi mata, ta mutu ranar 18 ga Satumbar 2020, Trump ya cike gurbinta da Amy Coney Barrett. Sanatoci suka amince da Barrett ranar 26 ga Oktoba, da ƙuri'a 52 da 48, kwana takwas kafin zaɓe. McConnell ɗin da ya ce shekarar zaɓe ba a cike gurbi, shi ya jagoranci wannan. Hujjarsa ita ce wannan karon jam'iyya ɗaya ke riƙe da fadar da majalisar. Ni dai hujjar ba ta shige ni ba, amma ba ita muka zo yi ba.

5/
To, ga shawarwarin da suka shigo.

Hajiya ta ce a yi amfani da “zaɓa”: shugaba ya zaɓi wane. Hajiya, aikatau ɗin ba laifi, don lallai zaɓa yake yi cikin mutane da yawa. Matsalar tana wajen sunan mutumin. In muka ce “zaɓaɓɓen alƙali”, kunnen mai sauraro zai tafi ga “zaɓaɓɓen shugaba”, wanda ya ci zaɓe ya gama, rantsuwa kawai yake jira. Mun gudu daga naɗi mun faɗa cikin ƙanensa ke nan.

6/
“Tsayar” ta fi kowace samun magoya baya, saboda mun saba da jam'iyya ta tsayar da ɗan takara. Amma ku karanta wannan da ƙarfi: “Shugaban Amurka ya tsayar da alƙali.” Rabin masu ji za su ce dakatar da shi ya yi. Sai an ƙara “takara” kafin ma'anar ta zauna, kuma a nan babu takara. Suna ɗaya ake kai wa sanatoci, su ce e ko a'a.

“Ayyana” kuwa hukumar zaɓe ta riga ta mallake ta. Wanda aka ayyana ya ci.

7/
Barista ya kawo “gabatar”, kuma ita ce ta fi ba ni aiki. Barista, ranka ya daɗe, ina tare da kai cewa tana da kyau a baki, kuma ba ta yi wa kowa alkawarin kujera ba. Amma akwai wani labari da ya sa nake so mu ajiye ta don wani aikin dabam.

A watan Yunin 1987 Mai shari'a Lewis Powell ya yi ritaya. Shi ne mai raba gardama a kotun a lokacin, don haka kowa ya san magajinsa zai karkata ma'auni. Ronald Reagan ya aika da sunan Robert Bork. 'Yan Democrat da ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙaƙen fata da na mata suka taso masa, aka nuna zaman tantance shi a talabijin, ranar 23 ga Oktoba sanatoci 58 suka ƙi, 42 suka yarda. Abin ya yi zafin da har Amurkawa suka mai da sunan Bork aikatau, mai ma'anar a yi wa mutum taron dangi don a hana shi muƙami.

Sai Reagan ya fito gaban 'yan jarida da Douglas Ginsburg, ya ce shi ne na gaba. Kwanaki kaɗan aka bankaɗo cewa ya taɓa shan wiwi har lokacin da yake koyar da shari'a a jami'a, ya janye. Abin lura a nan: takardar sunansa ba ta kai majalisa ba sam. An tsaya da shi gaban kyamara, an yabe shi, an tafa, amma a hukumance ba a kai ga matakin farko ba. Na uku, Anthony Kennedy, shi ya samu kujerar a Fabrairun 1988, sanatoci 97 suka yarda, babu ko ɗaya da ya ƙi.

Ka ga Ginsburg an gabatar da shi. Abin da ba a yi ba shi ne abin da muke nema wa suna. In muka ba wa “gabatar” aikin nominate, da wace kalma za mu ba da labarinsa?

8/
Allah ya gafarta Malam, na ga “tarshihi” da ka ɗauko daga Larabci. Daidai take a can, amma wanda bai yi karatun Larabci ba sai an fassara masa, kalmar da kuwa sai an fassara ba ta sauke mana nauyi ba. Masu cewa a bar ta “nomineshan” su ma haka.

9/
Abin da nake ba da shawara ba sabo ba ne, yana bakin 'yan jarida tuni, sai dai ba mu tsaya a kansa ba: miƙa suna. Shugaba ya miƙa sunan wane ga Majalisar Dattawa.

Dalilina na farko yana cikin “miƙa” kanta. Ba a miƙa abu sai da mai karɓa, kuma mai karɓar yana iya ƙin miƙo hannu. Duk wanda ya ji “ya miƙa” ya san saura wani mataki, tun kafin a yi masa bayanin tsarin mulki.

Na biyu ya fi muhimmanci. Ku duba duk rigimar da aka taɓa yi kan magajin alƙali, za ku ga a kan sunan ake yinta, kuma Hausa tana da aikatau ga kowace. Na Bork watsi aka yi da shi. Na Garland danne shi aka yi, kuma “danne” ta fi “jingine” gaskiya, don mai jingine abu yana da niyyar komawa kansa. Na Harriet Miers janye shi aka yi: George W. Bush ya miƙa shi a farkon Oktoban 2005, 'yan jam'iyyarsa da kansu suka ce ba su gamsu da ita ba, kafin watan ya ƙare ta nemi a cire ta. Na Brett Kavanaugh, magajin Kennedy a 2018, da ƙyar ya tsallake, 50 da 48, bayan zargin cin zarafi da Christine Blasey Ford ta yi masa a gaban kwamiti, wanda ya musanta. Ku gwada sa “naɗi” a waɗannan jimlolin. An danne naɗinsa? An janye naɗinta? Sai mai karatu ya ɗauka kora aka yi.

10/
Akwai wani wuri kuma da rarrabewar ke da amfani, wato ritayar da aka ɗaura wa sharaɗi. A 1968 Alƙalin Alƙalai Earl Warren ya rubuta wa Shugaba Lyndon Johnson cewa zai sauka, aka tsayar da cewa saukar za ta fara aiki ne in an amince da magajinsa. Johnson ya miƙa sunan Abe Fortas, amininsa da ke cikin kotun tuni. 'Yan Republican da wasu 'yan Democrat na kudu suka ce shugaba mai barin gado ne ke son ya kafa nasa kafin ya tafi, wasu ma suka ce ai babu gurbi tunda Warren bai tashi ba. Suka riƙe zauren da dogon jawabi don hana ƙuri'a. Ranar 1 ga Oktoba aka gwada rufe muhawarar, aka samu 45 da 43, ba a kai kashi biyu cikin uku da ake bukata a lokacin ba. Aka janye sunan. Warren ya ci gaba da zama har Yunin 1969, sabon shugaba Richard Nixon ya kawo Warren Burger.

Da a ce jarida ta rubuta “Johnson ya naɗa Fortas Alƙalin Alƙalai”, da ta ba Amurka mutum biyu a kujera ɗaya.

Sandra Day O'Connor ma irin wannan sharaɗin ta sa a Yulin 2005, shi ya sa ta zauna har ƙarshen Janairun 2006 da aka amince da Samuel Alito. A tsakani an miƙa sunan John Roberts don kujerarta, Alƙalin Alƙalai William Rehnquist ya mutu, aka janye sunan aka sake miƙa shi don kujerar Alƙalin Alƙalai.

Wannan dabara ta riƙe zaure ba ta aiki kuma a kan alƙalan Kotun Ƙoli. A 2017 'yan Republican suka sauya ƙa'idar da ke neman sanatoci 60 kafin a rufe muhawara, don Gorsuch ya wuce. Yanzu rinjaye kawai ake bukata, komai ƙanƙantarsa.

11/
Saura nominee. Ƙanina ya ce “wanda aka miƙa sunansa” ta yi tsawo ga kanun labari, ya kawo “miƙaƙƙe”. Ƙanina, miƙaƙƙe ai shi ne abin da ba shi da lanƙwasa. “Miƙaƙƙen alƙali” yabo ne, ba matsayi ba. “Mai jiran gado” kuma na yarima ne, wanda gadon ke jiransa tabbas.

A cikin labari a bar doguwar, ba ta cutar da kowa: wanda aka miƙa sunansa, wadda aka miƙa sunanta. A kanu kuwa “mai jiran amincewa” ta isa, tana ɗaukar namiji da mace, jam'inta “masu jiran amincewa”. Na fifita “amincewa” a kan “tabbatarwa” saboda tabbatarwa tana nuna abin ya riga ya kasance, hatimi kawai ake bugawa, sanatocin kuwa suna da ikon cewa a'a.

12/
Mu gwada da ritayar Stephen Breyer, tunda matakan duk sun fito a rarrabe. Bayan matsin lamba daga 'yan Democrat da ke tsoron a maimaita abin da ya faru da kujerar Ruth Bader Ginsburg, ya sanar a ƙarshen Janairun 2022 cewa zai sauka in kotu ta tafi hutun bazara, muddin an amince da magajinsa. Ranar 25 ga Fabrairu Joe Biden ya gabatar da Ketanji Brown Jackson, daga baya ya miƙa sunanta. A watan Maris kwamitin shari'a ya tantance ta, tana mai jiran amincewa. Ranar 7 ga Afrilu majalisa ta amince da ita, 53 da 47, da ƙuri'un 'yan Republican uku. Daga nan ne “naɗa” ta halatta. Duk da haka ba ta hau kujera ba sai 30 ga Yuni, ranar da Breyer ya sauka aka rantsar da ita.

Barista, in ka ga inda “miƙa suna” za ta karye a cikin jimla, kawo jimlar mu gani.