Kamfani na son zana bangon shagona a Agege, in yarda?

Ɗan Agege: Salamu alaikum. Wani kamfanin lemo na son bangon shagona mai kallon titi, tsawo mita 12, tsayi mita 3. Wai ado ne ba talla ba, tambarinsu ɗan ƙarami a kusurwa. Naira dubu 150 a shekara. Haya nake yi. In sa hannu?

Baba Fenta: Ƙanena, fara duba danshi. Manna leda a gindin bangon ta kwana. In ta yi gumi, fentin mai zai kumbura ya ɓare kafin damina ta fita. A kankare tsohon fenti, a toshe tsaga da siminti, sabon shafe ya samu kwana 28, sannan shafin farko da ke sa fenti ya kama bango, sai fentin ruwa na waje sau biyu. Lita 10 ta wadatar.

Hajiyar Obalende: Dubu 150? Ya yi kaɗan ga bango mai kallon babban titi.

Mai Goro: Hajiya, a Mile 12 kyauta suke yi, fentin ne ladan.

Malam Idi-Araba: In da tambari, talla ne, ko da girman kwabo yake. Hukumar LASAA ke ba da izinin tallan waje a Legas tun 2006. A rubuta a yarjejeniya cewa kamfanin zai biya kuɗin izinin. Wani mai shago a layinmu bai rubuta ba, aka manna masa takardar gargaɗi, masu zanen suka daina ɗaga waya, mai gida ya ce an ba da hayar bangonsa ba da saninsa ba, ya ƙara masa kuɗin shago. Har yau hoton na nan, rabin fuska ya zube.

Baba Fenta: Danshi ne wannan, na faɗa.

Hajiyar Obalende: Baba, kai fenti ka sani, ba yarjejeniya ba. A rubuta ba giya, ba caca, kuma su mayar da bangon yadda suka same shi.

Mai Goro: Su zana maka layin kwastomomi, ko a bango ka ga ciniki.

Malam Idi-Araba: Duk a banza in zaɓe ya matso. Dare ɗaya za a lulluɓe zanen da fastoci, gam ɗin kuma da fenti yake tashi.

Hajiyar Obalende: Fasta ma da sauƙi. Masu fitsari a gindin bango fa?

Ɗan Agege: To mai gidan nawa, in gaya masa tun yanzu?