Wane ingarma za a kai wa goɗiya? Tambaya kan dawakin jan keke na Amurka

Ɗan Barga Obalende:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar doki. Dan Allah ina neman wanda ya san kan tseren nan na Turawa da doki ke jan ɗan keke mai taya biyu, mutum na zaune a baya riƙe da linzami. Yayana yana jihar Ohio a Amurka, shi da abokan aikinsa sun haɗa kuɗi sun sayi goɗiya irin wadda suke kira Standardbred, ta daina gudu yanzu haihuwa suke so tayi. To da yake ni a barga na tashi kuma har yau dawakin polo nake kula da su nan Legas sai yake ta kirana wai in basu shawara. Ingarmu biyu ne a gabansu, ɗaya sananne ne 'ya'yansa na cin gasa amma a Pennsylvania yake kuma kuɗin bayensa da tsada, ɗayan a Ohio ɗin yake kuɗinsa da sauƙi sai dai bai kai wancan suna ba. Ni a sanina jini ake bi, in kana da hali ka kai wa babba kawai. Amma yace wani dattijo a can ya faɗa musu in suka kai wa na waje ɗan ba zai shiga gasar jiharsu ba. Wannan wace irin doka ce kuma?

Mai Akawal Agege:
Wa alaikumus salam. Malam dattijon nan gaskiya ya faɗa musu, kada su raina maganarsa. Kowace jiha da ake wannan tseren sosai tana da nata tsarin da suke kira Sire Stakes, New York ce ta fara a 1961, Ontario ta Kanada ta bi a 1974, akwai na Pennsylvania, Indiana, New Jersey da ita Ohio ɗin. Abin da ake yi shine jiha ta ware kuɗi masu kauri tace wannan gasar ba mai shigarta sai duƙushin da ubansa ke da rajista a jihar kuma a nan yake tsaye a shekarar da aka yi bayen. Dalili kuwa so suke masu ingarmu su zauna a jihar, gonaki su samu aiki, mai ciyawa da likitan dabbobi da mai yankan kofato kowa ya samu.

Abin da ke ruɗa mutane shine a wannan irin an yarda a ɗebi maniyyin ingarma a sanyaya a aika, ba kamar dawakin tseren sukuwa na Thoroughbred ba da dole sai an haɗa su. Kenan goɗiyar yayanka ba sai ta taka ko nan da can ba, a bargarta za a yi mata, ta haihu a Ohio, ɗan ya girma a Ohio, amma in uban na Pennsylvania ne to a takarda gasar Pennsylvania zai shiga. Sai an riƙa loda shi a mota ana kai shi, ko a ajiye shi wurin mai horaswa a can, kuma can ne gonar Hanover take inda shahararren ingarma Somebeachsomewhere ya zauna yana baye har ya mutu a 2018, dawakin da zai tarar ba na wasa bane wallahi. In su da kansu za su riƙe ɗan suyi tsere da shi ni dai na Ohio zan ce, ga filin tsere na Scioto Downs a Columbus ga na Northfield ga tseren da ake yi a wuraren baje koli na ƙananan hukumomi duk damina, doki matsakaici ma zai iya ciyar da kansa.

Baba na Idi-Araba:
Ɗana Mai Akawal ka yi bayani amma ban yarda da kai duka ba. Ba ka tambaye su riƙewa za suyi ko sayarwa ba. Mutanen da suka haɗa kuɗi daga albashi, ka lissafa mana: goɗiya wata goma sha ɗaya take ɗauka, a yi baye bana ta haihu baɗi, ɗan ba zai fara gudu ba sai ya shekara biyu, duk tsawon nan ci yake ba ya kawo ko kwabo. Da yawa ba sa iya jira, yana shekara ɗaya suke kai shi gwanjo, Lexington a watan Oktoba ko Harrisburg a Nuwamba, kuma a can sunan uba shi ke ɗaga farashi. Manyan gasanni irin Hambletonian da Little Brown Jug ma ba ruwansu da jihar uba.

Sannan ɗan barga kai da ka san doki, ka tambaye su ita goɗiyar wace tafiya take yi. Kala biyu ne, akwai masu sassarfa, akwai masu ɗaga ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya tare irin tafiyar raƙumi. Kowanne da layin jininsa da gasarsa, a kai mata irin nata. A duba uban goɗiyar kuma, don dawakin nan kusan duk daga doki guda suka fito, ingarma Hambletonian da aka haifa a 1849 wanda aka sa wa gasar can sunansa, jinin ya matse, shi yasa hukumarsu USTA ta ƙayyade goɗiya 140 ga ingarma a shekara. Wannan ma na nufin babban zai iya cewa ya cika ko masu shi su duba takardar goɗiyarku su ƙi karɓa.

Ummu Khalifa:
Ni wani gefen zan taɓo kuyi haƙuri. Kuɗin da ake rabawa a gasannin nan kaso mai yawa daga injinan caca yake fitowa, Pennsylvania tun dokar 2004, Ohio kuma tun da aka sa injinan a filayen tsere a 2012. Kiwo da sayar da doki daban, karɓar kyautar gasa daban. Yayanka ya zauna da malamin da ya yarda da shi ya faɗa masa yadda abin yake tun kafin a zuba kuɗi, nasan mutanenmu da yawa wannan zai dame su.

Ɗan Barga Obalende:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Hajiya wannan magana taki zan isar masa yau in sha Allah. Baba na tambaye shi, yace mai tafiyar gefe ɗaya ce kuma ra'ayinsu ya rabu, biyu na son sayarwa shi yana son riƙewa. Babu yadda za a yi ɗan ya samu shiga jiha biyu?

Mai Akawal Agege:
Akwai. Kentucky tana karɓar duƙushi ko ubansa na wata jiha in dai uwar ta zauna a Kentucky kwana 180 a shekarar da ta ɗauki cikin, shi yasa zaka ga a littafin gwanjo an rubuta jiha biyu a gaban doki ɗaya kuma masu saye na son haka. Amma kuɗin zaman wata shida a gonar wani su za su biya, su lissafa da kyau. Dokokin kuma ana taɓa su lokaci lokaci, su karɓi na bana a rubuce daga hukumar jihar kafin su sa hannu. Kuma cancanta kaɗai ba ta isa ba, akwai kuɗin rajista da ake biya kashi kashi tun yana ɗan shekara ɗaya, ranar biya ta wuce ba a biya ba sunansa ya fita. A takardar bayen su tabbata an rubuta cewa sai ɗan ya faɗo da rai ya miƙe ya kama nono sannan kuɗin ingarma ya hau kansu.