Me za mu kira "adjuvant" da Hausa?

Malamin gona, Tahoua: Salamu alaikum. Jibi ina da zama da masu albasa a Galmi, kuma wata kalmar Faransanci ta tsaya mini: "adjuvant". Abin da ake zubawa ne cikin pompi tare da maganin haki. Shi kaɗai ba ya kashe komai. Aikinsa ya sa ɗigon feshi ya baje, ya manne a ganye, kar ya gangare ƙasa a yi asara. Na rubuta "ƙarin ƙarfi". Ku gyara mini.

Mai garka, Ƙonni: Malam, kar ka soma. Ranar da ka ce ƙarin ƙarfi, mutum zai zuba rabin awo ya ce ai ya sa ƙarfi. Mu "sabulun feshi" muke cewa.

Malamin gona: Tsoronka nawa ne. Ana iya rage magani, amma ta hanyar daina ɓarnatar da shi da maimaita feshi, ba a yanke awon da ke jikin kwalba da ka ba. Hakin da ya sha rabin awo ya tsira shi ke zubar da iri, jikokinsa su fi shi tauri. Maganin hakin da ake kira gilifosat ya shigo kasuwa a 1974, a 1996 aka samu hakin da ya daina jin sa a Ostireliya. Sai dai "sabulu" bai game duka ba. Akwai na mai, akwai kuma amoniyom salfet, wanda taki ne, ana sa shi don kar gishirin ruwan rijiya ya ɗaure gilifosat.

Dattijo, Madawa: Yara, kalmar tana gidanku kuna nema a waje. Mahaɗi. In mai magani ya ba ka sassaƙe, ba yakan ce mahaɗinsa jar kanwa ba? Wa ya taɓa shan kanwa zalla ya ce ya sha magani?

Mai garka: Baba, ai miya ma mahaɗin tuwo ce.

Dattijo: To ku ce mahaɗin feshi. Hakin da ya daina jin magani kuwa ku ce ya kangare. Wannan ba mahaɗin da zai tanƙwara shi, sai a sauya irin magani, a sauya shuka, a ɗauko hauya tun bai yi iri ba.

Malamin gona: Allah ya ƙara girma, Baba. Na goge nawa, na sa "mahaɗin feshi" da "kangararren haki". Zan gwada su a Galmi in ji ko za su zauna a bakin mutane.