Zan ɗora wa Hilux ɗina sabon inji: kafireto ko injekta?

Mai Tsohuwar Hilux:
Assalamu alaikum. Hilux gare ni mai injin 22R na kafireto. Injin ya gaji, sai shan baƙin mai da hayaƙi. Na samu 3RZ-FE mai lita 2.7 zan ɗora mata, amma bakanikena ya ce a cire injektocin a haɗa kafireto, wai ko a daji ta tsaya sukurdireba ta isa. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Injin ya zo da ƙwaƙwalwarsa, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, da wayoyinsa, sai dai an datse wasu. Ku ba ni shawara don Allah.

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Maganarsa tana kan hanya. Kafireto iskar da injin ke zuƙa ce ke jan mai, babu sensa ko ɗaya. In datti ya toshe jet, wato ƴar ƙofar da mai ke bi, ka kwance ka hura ka mayar. Amma ka fara duba ko injin naka yana da distiributa, wato mai raba wa fulogi wuta. Na baya-bayan ba su da ita, ƙwaƙwalwar ce ke ba fulogi wuta. In ka cire ƙwaƙwalwar, to wa zai ba shi wutar?

Mai Wayarin:
Malam, kada ka bari a raba injin nan da injektocinsa. Da su aka ƙera shi. Fetur yana ƙonewa daidai ne in iska ta ninka shi sau 14.7 a nauyi, kuma sensar da ke jikin salansa tana shinshina hayaƙi kullum, ƙwaƙwalwar na gyara awon. Kafireto kuwa inda aka saita shi nan yake. Ka hau tudu iska ta yi ƙaranci, mai ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi. Da sanyin safiya sai ka ja cok.

Inda mutane ke shan wahala shi ne wajen mai. Matsin famfon man kafireto bai wuce psi 4 zuwa 7 ba (psi shi ne awon matsi), injekta kuwa wajen 40 yake so. Dole ka sa famfon lantarki mai ƙarfi, da filta da tiyo masu jure matsi, da bututun da zai mayar da ragowar mai tanki. Na taɓa ganin motar da aka bar wa tsohon tiyo, ya kumbura ya tsage, fetur yana feshi kusa da salansa mai zafi. Wannan ba wurin tsimi ba ne.

Wayoyin da aka datse ba su dame ni ba muddin filogin wayoyin da ke shiga ƙwaƙwalwar yana nan. Da zanen wayarin injin, ɗaya bayan ɗaya za a bi su.

Mai Tsohuwar Hilux:
Na gode ƙwarai. Na duba, babu distiributa, kwayil ne. Filogin ma yana nan lafiya.

Tsohon Bakanike:
To magana ta ƙare, bi shawarar Mai Wayarin. Ka tambayi wanda ya sayar maka ko ƙwaƙwalwar mai makullin tsaro ce. In haka ne, sai da makullinta na asali za ta tashi. Ka karɓo shi tare da sensar iska kafin a sauke tsohon injin.