Takardar intabiyun zama ɗan Amurka ta fito ina Legas, ga bikin ƙanwata a gaba, ya zan yi?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka san harkar takardun Amurka ku ba ni shawara, kaina ya kulle wallahi. A Houston nake zaune, shekarata shida da girin kad, wato katin zaman dindindin a Amurka, wata bakwai da suka wuce na cika fom N-400 na neman zama ɗan ƙasa ta intanet na biya dala 710, aka kira ni na je na yi dangwale, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ana cikin haka Hajiyarmu ta kwanta, hawan jini ne ya taɓa mata ɓarin jiki, na tattaro na taho. Yau watana huɗu da kwana goma a Agege, kullum muna hanyar asibiti a Ikeja cikin gosulo, Alhamdulillah yanzu ta fara takawa da sanda.

To jiya da daddare ina wajen mai shayi sai ga abokin zamana na can ya turo min hoton takarda ta WhatsApp, wai an sa min ranar intabiyu, saura kwana 24. Ga shi ɗaurin auren ƙanwata saura sati bakwai cif, an kai lefe an buga kati, kuma tunda Baba ya rasu ni ne babba a ɗakinmu, komai a kaina yake. Shin in nemi su ɗaga min har bayan biki ne? In kuma na tafi, ranar ake yin rantsuwar zama ɗan ƙasa ko sai an jira, kuma jiran na kwana nawa ne? Sannan wani ya ce min ana iya yi a ofishin jakadancinsu na Victoria Island, da gaske ne? Kuɗin tikiti ba wasa ba ne yanzu, bana son in yi ta safa da marwa a banza.

Baba Mile 12:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Yaro, na bi wannan hanyar kafin in dawo gida, don haka ka saurare ni da kyau.

Maganar Victoria Island ka cire ta a ranka. Su biza da fasfo suke yi, ba su da hannu a wannan. Hukumar USCIS mai kula da harkar baƙi da zama ɗan ƙasa ce ke yin intabiyun kuma a cikin Amurka, a ofishin da ke kula da inda kake zaune. Sojojinsu da ke aiki a waje ne kawai da iyalansu ake yi wa a wata ƙasa.

Abin da ya fi tayar min da hankali a rubutunka ba ma ranar intabiyun ba ne, kwanakin da ka yi a nan ne. Ɗauko kalanda mu lissafa. Wata huɗu da kwana goma wajen kwana 132 kenan. Ka ɗora sati bakwai, kwana 49, ka ga 181, tun ba a kai amarya ba, ba a yi budar kai ba, ba ka nemi jirgi ba. Su kuma a dokarsu duk mai neman zama ɗan ƙasa da ya yi sama da kwana 180 a waje a tafiya ɗaya, ana ɗauka ya yanke zamansa na Amurka, sai dai shi ya kawo hujja cewa bai yanke ba, wato yana nan da aikinsa, yana biyan hayar ɗaki, yana biyan haraji. In ya kai shekara kuwa babu zancen hujja, ya yanke kawai. Mutane da yawa suna zaton da zarar an shigar da fom an daina ƙirga, a'a, sharaɗin zaman nan yana bin ka har ranar da ka ɗaga hannu ka yi rantsuwa. Ka ga in ka ce a ɗaga maka ka zauna biki, da hannunka ka ɗaure kanka.

Ɗagawar ma ana yi, ba laifi ba ne, kana kiran su ko ka rubuta musu kafin ranar ka faɗi dalili. Amma ba kai za ka zaɓi sabuwar rana ba, layi za ka koma, zai iya zama sati kaɗan zai iya zama watanni. Wanda kuma ya ƙi zuwa bai ce komai ba, rufe masa fayil suke yi, yana da shekara ɗaya ya nemi a buɗe.

Ni dai shawarata ka tafi. Ka sauka ko da kwana huɗu ne kafin ranar don barci ya sake ka, kar ka je gaban jami'i kana hamma. Ka riƙe takardun asibitin Hajiya don tabbas zai tambaye ka me ka zauna yi wata biyar a Najeriya, ka rubuta ranar fitarka da ranar shigarka daidai yadda suke a fasfo.

Zancen rantsuwa kuma babu wanda zai ba ka rana ɗaya tabbatacciya, ya danganta da ofis. Wani ofishin kana gamawa da safe su ce ka jira, da rana a rantsar da ku. Wani kuma su ba ka takarda N-652 mai nuna sakamako, ka tafi gida ka jira wata takardar, N-445, ita ce ke ɗauke da rana da wuri. Ni sati biyar na jira, wani da muka shiga rana ɗaya shi ya fi wata biyu saboda ya nemi gyara sunansa, mai canza suna dole sai gaban alƙali, kuma kotu tana da nata kalandar. Abin da doka ta ƙayyade kawai shi ne kwana 120 bayan intabiyu su yanke hukunci, in suka wuce kana da damar kai maganar kotun tarayya.

Maman Ilham Idi-Araba:

Sannu ɗan uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Baba ya gama magana, ni ɗaya zan ƙara saboda ni ta ci, kuma kowa yana ta addu'ar a rantsar da shi ranar intabiyu bai san wani lokacin ita ce wahalar ba.

Ni ranar aka rantsar da ni. Na shiga ƙarfe tara, matar ta tambaye ni, na karanta jimla ɗaya na rubuta ɗaya, ta ce in dawo ƙarfe biyu, murna kamar in yi rawa a wajen. A bakin ƙofar zauren akwai tebur, kowa yana miƙa girin kad ɗinsa, na miƙa nawa ko a jikina, aka ba mu 'yar tuta, muka yi rantsuwa aka ba mu satifiket. Sai da na shiga mota ina kiran maigidana yake ce min to da me za ki dawo? Don ina da tikitin Legas saura kwana biyar, sunan jaririn yayata. Ka gan ni, kad ya tafi, fasfon Amurka babu, kuma ɗan ƙasa dole da fasfonsu zai fita ya shiga, satifiket ɗin nan ba a hawa jirgi da shi. Haka na ɗaga tafiyar, na yi asarar kuɗi masu ciwo, suna kuma a bidiyo na kalle shi ina kuka ina cin biskit.

Daga baya na gane ashe da hanya ni ce ban sani ba. Wanda tafiyarsa ta rage kwana 14 ko ƙasa yana iya neman a ba shi lokaci a ofishin fasfo na gaggawa ya je da shaidar tikitinsa, kuma akwai irin ofishin a Houston. Akwai kuma na sauri da ake ƙara dala 60, shi wajen sati biyu zuwa uku yake ɗauka ban da kwanakin gidan waya, kuma asalin satifiket ɗin ake haɗawa a tura ba kwafi ba. Kai tsakanin intabiyunka da biki kwana 25 ne, ka ga abin a ƙurace yake. In ni ce kai, tun a zaune zan gaya wa jami'in ina da tafiya rana kaza, in ya ce akwai rantsuwa yau sai ka san wanda za ka zaɓa, ko ka yi ka bi fasfo da gudu ko ka roƙi a sa ka a wata rana.

In ba a rantsar da kai ba kuwa kana nan a mai girin kad, ka zo bikinka da fasfon Najeriya ka koma da kad ɗinka. Kawai kar ka daɗe, kuma ka sa abokin nan naka ya riƙa buɗe akwatin wasiƙa, kai ma kana leƙa akawun ɗinka na intanet don takardar tana fitowa a can kafin ta iso gida. A jikin N-445 akwai tambayoyin abin da ya faru bayan intabiyu, ko ka yi tafiya, ko ka yi aure ko saki, ko 'yan sanda sun kama ka, sai ka amsa e ka yi tafiya, ka faɗi kwanakin, ba wani abu ba ne. In ranar ta faɗo kana Legas ka mayar musu da takardar da wasiƙar bayani a sake maka, amma kar ka bari ya zama sau biyu, nan ne suke ɗauka ka fasa.

Sarkin Zumunci:

Ni dai tambaya gare ni ba shawara ba, wai wannan rantsuwar da me ake yin ta? Na ji an ce sai mutum ya dafa littafinsu kuma ya ce ya bar ƙasarsa har abada. In haka ne ai gara mutum ya riƙe kad ɗinsa ya huta, Ɗan Agege ka yi tunani kar garin neman gira a rasa ido, wata rana ka zo Ikeja a ce sai ka nemi biza.

Baba Mile 12:

Sarki, babu littafin da ake dafawa, hannun dama kawai ake ɗagawa a maimaita abin da aka faɗa, mu a zaurenmu har da masu hijabi da masu rawani. Wanda wani yanki na kalmomin ya saɓa wa addininsa, kamar zancen ɗaukar makami, yana iya neman a cire masa tun a intabiyu. Gaskiya ne a ciki akwai cewa ka janye mubaya'a daga wata ƙasa, amma babu mai karɓar koren fasfonka, kuma sashe na 28 na tsarin mulkinmu na 1999 ya bar wa wanda yake ɗan Najeriya ta haihuwa damar riƙe biyu. Ni da nake maka magana da koren nake shigowa Murtala Muhammed, in zan koma ganin jikoki in fito da shuɗin. Wanda ya bari korensa ya mutu ne yake shan wahala, shi ya sa nake cewa kowa ya duba nasa tun yana nan gida.

Ɗan Agege na manta ban tambaye ka ba, karatun gwajin tarihi da gwamnatin Amurka da ake yi a intabiyun fa? Ka duba ranar da ka shigar da fom ɗinka. Wanda ya shigar kafin 20 ga Oktoba 2025 tsohon gwaji zai yi, tambaya 100 ake karantawa a yi maka 10 ka ci 6. Daga ranar zuwa sama sabo ne, 128, a yi maka har 20 sai ka ci 12. Kar ka raina shi don kana jin Turanci, akwai sunan gwamnan jiharka da sanatanku da suke canzawa. In mutum ya faɗi suna sake kiran shi tsakanin kwana 60 zuwa 90, to ka ga wani tikitin kenan da wani lissafin.

Ɗan Agege:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Baba wallahi lissafin nan naka sai da ya sa na ajiye kofin shayi, ni duk a zatona tunda na cika shekara biyar ɗina kuma fom ya shiga shikenan an rufe littafi. Na ɗauko fasfo na ƙirga da kaina, 133 ne ma yau. Anti Maman Ilham sannu da asara, labarinki ya tsorata ni fiye da intabiyun, na duba koren fasfona saura wata goma sha ɗaya, wannan dai da sauƙi.

Na yi wa Hajiya bayani da safen nan, da farko ta yi shiru, can ta ce in tafi, ai ba ni zan ɗaura ba, Kawu ne waliyyi, ni kuɗin shinkafa da kujeru kawai ake jira a wajena. Ƙanwar tawa ce dai ta kumbura tun ɗazu ta ƙi kula ni. Zan nemi jirgin sati biyu masu zuwa in sha Allah, mai zuwa da dawowa wanda ake iya canza masa rana ko da ya fi tsada, tunda ban san wace za ta same ni a can ba.

Sabon gwajin ne ya hau kaina, na sauke tambayoyin a waya, ɗan yayata yana min ƙari a tsakar gida yana dariyar yadda nake kiran sunayen. Wanda ya san inda ake samun canjin dala mai sauƙi tsakanin Agege da Ikeja ya taɓa ni dan Allah, kafin Juma'a nake so in biya tikitin.