Alfaka a garkar Jiratawa: in saya ko in bari?

Maman Nafisa: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina saƙar hulunan jarirai da rigunan sanyi, ulu kuma kullum ƙara tsada yake. Na kwashi adashe, jikka ɗari huɗu na sefa. Wani a Facebook ya ce zai kawo mini alfaka biyu (dabbar nan dangin raƙumi da ake ulu da gashinta), mace da namiji, ta Kwatano, in ba da rabin kuɗi yanzu, ga hoton da ya turo. Muna da garka a Jiratawa, da rijiya da inuwar mangwaro. Za su iya zafinmu? Gashin biyu zai ishe ni saƙar lokacin sanyi guda?

Ɗan Tibiri: Hajiya ki sayi jar akuya ki huta. Ga tagwaye, ga nono, ga fata.

Maman Nafisa: Malam, gashi nake nema. Me zan saƙa da jar akuya?

Sani Faransa: Yaya, shekara biyu na yi a wata gona nan Faransa mai alfaka goma sha huɗu. Ba su da ƙazanta, wuri guda duk suke kashi, da safe ka kwashe da shebur. Aski sau ɗaya ne a shekara, kowace ta ba da kilo biyu zuwa uku, kuma na baya da haƙarƙari ne mai laushi, na ƙafa sai dai shimfiɗa. Ranar aski ku kwantar da ita ku ɗaure ƙafafu, tana ihu tana tofo maka koren tuƙa. Warin nan sai da ya kwana biyu a rigata. Ciki wata goma sha ɗaya da ɗoriya, ɗa guda. Asalinsu tsaunukan Andes ne, Peru da Bolibiya, sama da mita 3,500, inda ruwa ke daskarewa da dare. Nan ma in rana ta buɗe sai mun watsa musu ruwa a ciki da ƙafafu. Ki tuna Afrilun Maraɗi.

Na Gidan Rumji: Na ga hoton. Wannan ai tunkiya ce ta auri raƙumi, aka hana ɗan gadon tozo.

Alhaji Mai Balami: 'Yata, da na ji "rabin kuɗi yanzu" sai da gabana ya faɗi. Bara waccan haka wani ya turo mini hoton raguna biyu, wai daga Sudan, kunnuwa har wuya. Na tura jikka ɗari biyu da hamsin. Ya ce mota ta lalace a Damagaram, na ƙara talatin. Ya ce an tsare su a hanya, na ƙara ashirin. Har rumfa na kafa, na sayi buhun dusa biyu, yara kullum suna leƙen ƙofa. Ran nan na kira, waya a kashe. Daga baya ɗana ya gano hoton a wani shafi, an sa shi tun shekara uku. Kuɗin kayan ɗakin autata ne. Uwarta wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu, tuwo ma yaro ake aikowa da shi. Rumfar tana nan, kaji ke kwana ciki.

Inna Zuwaira: Allah ya mayar da alheri, Alhaji.

Abdu Mai Waya: Jikka ɗari huɗu ta yi yawa. Ni na ga ana tallar ɗaya jikka ɗari da ashirin.

Sani Faransa: Ɗari huɗun ma yuro 610 ne fa. A nan ba su sayen mace mai haihuwa ko guda, balle kuɗin jirgi.

Abdu Mai Waya: Kai da kashi kake kwashewa, ina ka san farashi?

Baba Masaƙi: Yaro, bar shi, ya fi ka, ya taɓa ta da hannu. Amma shi ma bai san karangiya ba. Ina saurayi maigidana ya kawo tumakin kundum masu ulu daga bakin kogi, wajen Tilaberi. Kaka ɗaya gashin ya dunƙule da karangiya, mata suka tsefe har yatsu suka yi jini, bai hau mazari ba. Kaɗa muka koma.

Ɗan Tibiri: Baba, zamanin nan ai ba a sakin bisa, ɗaure ta ake a ba ta harawa.

Alhaji Mai Balami: Wace harawa? Jiya buhu jikka biyar aka ce mini.

Inna Zuwaira: Uku da rabi na saya ranar Juma'a.

Alhaji Mai Balami: Wannan rabinsa kara ne da ƙasa, Hajiya. Masu kuɗi ke bin ƙauyuka da kaka suna kwashewa su jibge bisa soro, sai bazara su yanka mu.

Na Gidan Rumji: To mu da muka noma, mu sayar da arha mu ci me?

Maman Nafisa: 'Yan uwa, mutumin ya sake kira, wai gobe ne ƙarshe.

Inna Zuwaira: Na Gidan Rumji, ba da kai ake ba. Amma faɗa mini gaskiya, ƙasar da ke gindin buhun, ita ma nomanta kuka yi?