Wa'adi, zango ko zama: wace kalma ce ta dace da "session" na majalisar dokoki?

Assalamu alaikum malamaina da abokan aiki masu fassara. Kalmar da nake so mu tsayar da magana a kanta yau ita ce "session" ta majalisar dokokin jiha, domin mun ɗora wa kalmar "zama" kayan da ya fi ƙarfinta. Akwai ranar da na fassara labari cewa majalisa "ta kammala zamanta", sai wani dattijo a unguwarmu ya tare ni bayan Magariba yana tambaya ko an rushe majalisar ne, alhali shekarar aiki kawai ta ƙare. Ni ne na ruɗe shi, kuma tun ranar abin yake damuna.

Abubuwa uku ne ya kamata mu rarrabe, kuma tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya fayyace biyu daga cikinsu. Sashe na 105 ya ba majalisar jiha shekara huɗu daga ranar da ta fara haɗuwa, bayan gwamna ya fitar da takardar shelar buɗe ta. Wannan shi ne wa'adi, kuma ban ga abin jayayya a kansa ba, tunda wa'adi lokaci ne da aka yanka wanda yake cika. Mambobin da aka rantsar a watan Yunin 2023, ko 40 ɗin Kano ne ko 24 ɗin Zamfara, wa'adinsu zai cika a 2027.

Sashe na 104 kuma ya wajabta wa majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. A nan ne "zama" ya dace: haɗuwar yini guda, daga lokacin da aka shigo da sandar majalisa gaban kakaki aka aza ta a kan teburi, har zuwa lokacin da aka ɗage.

Tsakanin waɗannan biyun ne "session" yake, wato shekarar aiki guda da ta ƙunshi zama masu yawa da hutu a tsakaninsu. Shawarata ita ce mu kira shi zango. A wurin fatake, zango shi ne inda ayari yake sauke kaya ya huta kafin madugu ya sake ba da umarnin tashi, kuma da shi ake ƙidaya nisan tafiya, a ce gari kaza zango uku ne daga nan. Tafiyar ba ta ƙare ba, ayarin bai watse ba, an dai ci wani yanki nata. Haka majalisa take idan ta rufe shekara: mambobi suna nan a kan kujerunsu, kakaki yana nan, kuma ƙudurorin da ke gaban kwamitoci suna jiran dawowarsu. Ga shi kuma kunnen Bahaushe ya riga ya saba da "zangon karatu", don haka ba baƙuwar ma'ana muka ƙirƙiro ba.

Na san abin da za a ce, cewa 'yan jarida sun saba rubuta "zango na biyu" idan gwamna ya yi tazarce. Gaskiya ne, amma a can muna da "wa'adi na biyu", wanda ya fi dacewa, kuma babu abin da za mu rasa idan muka sakar wa majalisa kalmar zango. Wasu sun kawo "shekarar majalisa", sai dai ta yi tsawo a kanun labari, kuma tana iya sa mai sauraro ya ɗauka daga Janairu ake ƙirgawa, alhali daga Yuni ne.

Idan kun amince, jimlar za ta fito haka: "A zamanta na ranar Talata, majalisar dokokin jihar ta buɗe zango na biyu na wa'adinta." Ina roƙon waɗanda suka yi aiki a ofishin akawun majalisa su gaya mana ko akwai kalmar da ma'aikata suke amfani da ita a tsakaninsu wadda ta fi wannan.